Ranar da Aka Ƙwace Fitilun Hayatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 2025, ana cikin watan Maulidi, Allah Ya karɓi ran aminina Hayatu Abdullahi, wanda mutanen Kaura Namoda suka fi sani da Hayatu Mai Fitilar Ruwa. Ya cika a ɗakinsa bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. Ya bar matarsa Kubura, da 'ya'yansa mata biyu, Nadiya da Hamdiyya, da mahaifiyarsa wadda tsufa ya riga ya kama. An yi masa sutura bayan sallar Azahar.

An san ta'aziyya da sanyin harshe. Wanda ya buɗe wannan rubutu yana neman sanyi, ya yi mini haƙuri, kaɗan gare ni. Na tsaya a sahun jana'izarka, Hayatu, na waiga dama da hagu, sai na ga fuskokin da rabon su da amsa sallamarka tun bara. Mutanen da suke tsallaka titi don kada a gan su a ƙofar shagonka, su ne ke ture juna wajen kama makara. Na yi shiru a maƙabarta domin wurin shiru ne. Nan kuwa ba maƙabarta ba ce.

Sai dai kafin in zo kansu, bari in fara da kai, don wanda bai san ka ba ya san abin da aka rasa.

Ni malamin makaranta ne, kai mai ɗaukar hoto da bidiyon biki. Tare muka tashi, tare muka sha bulala saboda wanka a gulbin Gagare. Ni bulalar ta raba ni da ruwa, kai kuwa ta ƙara maka son sa. Bayan ka gama karatu ka buɗe shago, kana ɗaukar aure da suna da saukar karatu, sana'ar kuma ta karɓe ka. Amma zuciyarka tana gulbi. Kakan ce duk abin da ke bisa ƙasa an ɗauke shi har an gaji, amma ba wanda ya taɓa nuna wa mutanen nan abin da ke ƙarƙashin ruwan da suke sha, suke hayewa kullum. Da ka sami wata ƙaramar kyamara mai gidan roba wadda ruwa ba ya shigarta, har makaranta ka zo ka kira ni daga aji, kamar an yi maka haihuwa. Tun daga ranar na zama mai riƙe maka igiya.

Kyamarar ba ta ba ka wahala ba, haske ne ya ba ka. Ruwanmu ba garau yake ba. Da damina kamar kunun kanwa yake, da rani yakan kwanta ya ɗan washe, amma ko tsayin mutum ba ka nitsa ba sai duhu. Fitilarka ta farko tocilar kasuwa ce, ka naɗe ta da leda. Ta yi haske na ƙiftawar ido, ta sha ruwa, ta mutu. Ta biyu daga nesa ka sa aka aiko maka, ka zaɓi wadda aka ce ta fi kowace ƙarfi, ka ɗaura ta daf da idon kyamarar. Da muka kunna abin da ka ɗauko, ba kifi, ba dutse, sai fari fat, kamar an watsa wa kyamarar garin gero. Na yi dariya har na riƙe ciki. Kai ba ka yi ba. Ka zauna kana maimaita hoton har ka gano bakin zaren: ruwan cike yake da ɓurɓushin laka, kuma muddin fitila na kusa da idon kyamara, kowane ɓurɓushi sai ya mayar da hasken kai tsaye cikin idon. Ƙarfin da ka yi alfahari da shi, shi ne ya makantar da kai.

Sai ka je wurin mai walda ya lanƙwasa maka hannuwa biyu na ƙarfe. Ka nisanta fitilun daga kyamara, ɗaya dama ɗaya hagu, ka ɗan karkata su waje ta yadda gefen haskensu ne kawai ke haɗuwa a kan abin da kake ɗauka. Ka rage ƙarfinsu. Ka koyi matsawa kusa, don ruwan da ke tsakaninka da abin ya ragu. Ranar da muka sake gwadawa a wani tafki bayan gari, sai ga tsakuwa ɗai-ɗai, ga ciyawa tana rausaya, ga jan dutse ya fito da jansa. A nan ka nuna mini cewa ruwa yana cinye launin ja tun ba a yi nisa ba. Jar hula takan koma baƙa-baƙa a ƙasa, fitila ce ke maido mata da kamanninta.

Daga nan ka zama mai tsantseni wajen zaɓen fitila fiye da yadda wasu ke yi wajen zaɓen suruki. Ba ƙarfinta kake fara tambaya ba. Kakan haska ta a bango ka duba. In haskenta ya taru a tsakiya ya bar gefe da duhu, ka ce wannan ta leƙen rami ce. Ta bidiyo sai mai shimfiɗa haske bai ɗaya, da faɗi. Kakan duba ko tana da wurin ragewa da ƙarawa. Mai haske shuɗi-shuɗi ba ka son ta, ka fi son mai ɗan ɗumi irin na hantsi. Sannan ka kwance murfin batir ka duba zoben robar da ke tare ruwa. Wannan zobe kam ka wahalar da mu a kansa. Kafin kowace shiga sai ka goge shi, ka shafa masa mai, ka ɗaga shi sama kana dubawa, wai silin gashi ko ƙwayar yashi ta isa ta buɗe wa ruwa ƙofa. Ba ka kuma yarda a bar fitila a kunne a waje, domin ruwa ne ke sanyaya ta, a iska zafinta zai cinye ta. Kubura takan ce da tana samun rabin kulawar da fitilun nan ke samu, da ta fi kowace mace gata a unguwa. Kai kuma ka ce ai ita ko ruwan sama ya dake ta ba ta lalacewa.

Ina tuna ranar da ka kai wa Baba Mahmuda, tsohon masunci na bakin gulbin Bunsuru a can wajen Zurmi, wani bidiyo da ka ɗauka a lungun da yake su. Da farko ya ƙi kallo, ya ce shi da ya tsufa cikin ruwa ba yaro zai nuna masa ruwa ba. Da ƙyar ya karɓi wayar. Karfasa ce a ciki, ta tsaya a gindin wani icce, 'ya'yanta ƙanana na yawo kewaye da ita. Da inuwa ta gifta sai ta buɗe baki, duk suka shige, ta rufe. Tsohon ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce, "Tun ina yaro nike kama ta, in iske ɗiya cikin bakinta, in ce cinye su take yi. Ashe goyo ne. Allah Shi gafarta muna." Daga shekarar bai sake jefa taru a lungun ba sai ƙananan sun tasa.

Akwai kuma rijiyar nan ta wajen Badarawa, wadda manoma da makiyaya ke sha tare. Ruwanta ya sauya, yara suka kama gudawa, sai magana ta tashi cewa wani ɓangare ne ya jefa wani abu don ya kori ɗayan. Duk wanda ya san ƙasarmu a waɗannan shekaru ya san inda irin wannan magana ke ƙarewa. Ka ɗaura kyamara a dogon gora, wannan karon da fitila mai tsinin haske, da doguwar waya mai kawo hoton zuwa wani ƙaramin allo a hannunka. Ka zura a hankali, dattawan ɓangarorin biyu na tsugune suna kallo. A wata kafa ta jikin rijiyar, ƙasa da bakin ruwa, sai ga mushen guza ya maƙale ya kumbura. Wani dattijon Bafulatani ya fara dariya, sauran suka kama. Aka ciro shi, aka yashe rijiya, kowa ya koma gida lafiya. Ba ka karɓi komai ba sai ƙwaryar nono, ita ma ni na sha fiye da rabi.

Wannan shi ne mutumin. Yanzu ga abin da aka yi masa.

Akwai wata ƙaramar gada a kan wani rafi, a hanyar da mutanen ƙauyuka da dama ke bi zuwa cin Kasuwar Daji. Ba zan ambaci sunan wurin ba, masu abin sun san kansu. Wani ɗan kwangila, Alhaji Hashimu, shi ya gina ta, kuma ba ta daɗe ba 'yan kabu-kabu suka fara cewa suna jin tana rawa in babbar mota ta hau. Mutanen ƙauyen suka roƙe ka ka duba musu ƙafarta da ke cikin ruwa. Mun je da kakar bara, ruwa ya fara ja baya. Ɗaukar farko da fitila biyu ba ta nuna komai ba, siminti sumul, har na ce mu tafi. Ka ce a'a, haske biyu yana kashe inuwa, tsaga kuwa sai da inuwa ake ganin ta. Ka kashe ɗaya, ka kwantar da ɗayar a gefe ta yadda haskenta zai shafi jikin ginin a karkace. Sai ga ta, siririya kamar zare. Ka bi ta ƙasa tana ƙara faɗi, har inda rodi ya fito fili ya yi tsatsa, gindin ginin kuma ruwa ya rarake shi, kifi na shiga yana fita.

Ba ka sa a intanet ba, ba ka kai ƙara ko'ina ba. Ka je da ƙafarka gidan Alhaji Hashimu, ina tare da kai, ka gaishe shi da ladabi, ka miƙa masa wayar. Ka ce, "Alhaji, na ga ya kamata ka gani da idonka. In an tare ta kafin damina, ina jin za ta gyaru." Ya kalli rabi, ya ajiye wayar, ya tambaye ka wa ya aike ka. Ka ce ba kowa. Ya ce, "To, wanda bai aike ka ba, ka gaya mashi na ji." Ko ruwa ba a ba mu ba.

Ba a jima ba wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin mutane. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma Kaura ba ta kai girman da za a kasa gane murya ba. Ɗaya ne daga cikin masu zaman ƙofar gidan Alhaji. Ya ce akwai wani mai hoto da ke yawo bakin gulabe da wasu fitilu irin waɗanda ba a sayarwa a kasuwa, wai da su yake yi wa 'yan bindiga alama, yana nuna musu mashigar da ba ta da zurfi. A ƙasar da kusan kowane gida ya binne wani ko ya fanshi wani, ba a neman hujja kan irin wannan magana. Wanda ya ƙirƙire ta ya san haka. Ya san ba suna kawai yake ɓatawa ba, jinin mutum yake halattawa.

Fitilar da ba ta jure iska, wadda ko a ɗaki ba ka bari a bar ta a kunne, ita ce wai ake yi wa mutanen daji alama da ita daga nesa. Duk wanda ya taɓa zama shagonka ya san wannan. Ba wanda ya buɗe baki.

Sai aka fara janye jiki. Masu bikin da suka riga suka yi magana da kai suka aiko cewa sun sami wani. Majalisar da kake zama bayan La'asar, da ka iso sai kowa ya tuna yana da uzuri. Aka hana yara wasa da Nadiya. Sannan wata safiya wasu samari masu gora, waɗanda suka naɗa kansu masu tsaron unguwa, suka shigo gidanka ba sallama. Suka zazzage ɗakinka, suka kwashe fitilun duka da hannuwansu na ƙarfe da cajarsu. Da ka ce su bi a hankali, ɗayansu ya mare ka a gaban 'ya'yanka. Maƙwabta na tsaye a ƙofar gida suna kallo. Cikinsu akwai wanda ka ɗauki bikin ƙanwarsa kyauta, akwai wanda ka ciro masa injin ban-ruwa daga gulbi. Na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma na gan su ranar Talata suna share hawaye.

Na yi ta zirga-zirga a kan fitilun. Aka ce ana bincike. Daga baya aka ce ba a same ka da komai ba, amma wannan ba wanda ya yi masa saƙon murya. Da na matsa, aka miƙo mini guda ɗaya cikin leda, gilashinta ya yi baƙi. Ashe sun yi ta yawo da ita a kunne suna haska lunguna har ta ƙone. Sauran kuwa har yau. Da na kawo maka, ka juya ta a hannu, ka ce, "Ai da sun tambaye ni, da na gaya masu su riƙa tsoma ta cikin bokiti." Na so ka yi fushi, Hayatu. Na so ko sau ɗaya in ji ka zagi wani. Ba ka yi ba, ni na yi ta yi a madadinka.

Gada kuwa ba a taɓa ta ba. Da ruwan Agustan bana ya sauko, ƙafar da ka nuna ta zauna, gadar ta karye a tsakiya. Allah Ya sa ba kowa a kai. Amma kasuwa ba ta jira, sai mutane suka koma hayewa da kwalekwale. Wata safiyar kasuwa kwalekwale ya ɗauki mata da kayansu fiye da ƙarfinsa, ya kai tsakiya, ruwa ya juya shi ya bugi karyayyen ginin, ya kife. Masunta suka ceto waɗanda ke da sauran kwana. Wasu aka same su a gaba, ruwa ya kai su gaɓa. Wasu kuwa ba a gan su ba, kuma kowa ya san suna nan ƙarƙashin ɓaraguzan gadar, cikin rodi da siminti, inda masunta ke tsoron shiga a makance.

Waɗanda suka ce kai ɗan leƙen asiri ne ba su iya zuwa ƙofarka ba. Wata tsohuwa ce ta zo, Asibi, wadda 'yarta Anisa na cikin waɗanda ba a gani ba. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta, ta tsaya a zaure da laka har gwiwa. Ina wurin. Ta ce, "Ɗana, an ce mani kai ka ganin ƙarƙashin ruwa. An kuma ce mani wasu maganganu a kanka, ni ban san su ba. Ɗiyata nike so a yi ma sutura kamar kowa. Ta bar jinjiri."

Ka ce, "Inna, fitiluna ba su hannuna."

Ta ce, "To idanunka fa?"

Kubura ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ni na ce kada ka je. Na ce su kira masu gora su shiga da gorarsu. Ka ce, "Murtala, tsohuwar ga ba ita ta mare ni ba. Ɗauko igiya."

A nan nake so mai karatu ya fahimci abin da aka yi. Da fitilun na nan, da ko rigarka ba ka jiƙa ba sai a ƙarshe. Da cikin kwalekwale za ka zauna ka zura gora da kyamara, fitila a gefe, ka bi ɓaraguzan lungu-lungu kana kallon allo, sai ka ga wuri sannan a shiga a ɗauko. Haka ka saba yi. Ranar kuwa abin da muka samu tocila ce da muka tsaya muka saya a hanya. Haskenta tsini ne, ba ta raguwa, ruwan kuma damina ta dama shi. Allon bai nuna komai ba, kafin a jima ma tocilar ta sha ruwa. Sai ka ajiye kyamarar, ka ɗaura igiya a ƙugu, ka nitsa kana lalube da hannu.

Ban ƙirga shigarka ba. Abin da na sani, igiyar ta cinye mini tafin hannu. Kakan fito ka kama gefen kwalekwale kana tari, ruwan laka na fita ta hancinka, ka huta kaɗan ka koma. Rodi ya tsage maka kafaɗa. Wajen La'asar ka ja igiya, muka jawo, ka fito da Anisa. Zanenta ya sarƙe da ƙarfe, sai da ka yage shi. Asibi ta zauna a gaɓa, ta ɗora kan 'yarta a cinya tana gyara mata ɗankwali. Na ce ya isa. Ka ce hannunka ya taɓa wata a kusa da ita, ba za ka bar ta ba. Washegari ma ka koma, har sai da ba sauran wanda ake nema. Jama'a cike da gaɓa, wayoyi a sama, ana ɗaukar ka. Cikin masu ɗaukar har da mai muryar.

Ka dawo gida da zazzaɓi, ka ce gajiya ce. Tari ya ƙi tsayawa, numfashi ya fara yi maka wuya. Da muka kai ka asibiti likita ya ce ruwa mai datti ya shiga huhunka ya zama ciwo, ga raunin kafaɗa ya kumbura. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin faɗa a kansu sai godiya. Da ka ga jikin ba ya ɗagawa, ka roƙa a mayar da kai ɗakinka. A can ka cika da kalmar shahada, hannunka cikin na mahaifiyarka.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Na yi imani da wannan kamar kowane Musulmi. Amma ƙaddara ba ta taɓa wanke mai laifi ba. Wanda ya haƙa rami a hanya ba zai ce ƙaddara ce ta karya ƙafar makaho ba. Don haka zan yi magana da ku kai tsaye.

Alhaji Hashimu, ka zo zaman makoki da buhun shinkafa da mai ɗaukar ka hoto. Ka ce Hayatu ɗanka ne, ka ce garin nan ya yi rashin gwarzo. Kubura ta sa an mayar maka da buhun, kuma ina so ka sani ba da kuskure aka mayar ba. An nuna maka tsagar nan tun ruwa na ƙasa, a ɓoye, da ladabi. Abin da ka yi da wannan alheri kai ka sani, Allah kuma Ya fi ka sani.

Kai kuma mai saƙon murya, na ga ka sa hoton Hayatu a wayarka ka rubuta "gwarzonmu". Muryar da ka yi ƙarya da ita tana nan a wuyanka, ba ta tafi ko'ina ba. Ka ɗauki waya ka faɗi sunanka, ka ce ƙarya ka yi, ka tura duk inda ta farko ta je. Nadiya da Hamdiyya a garin nan za su girma, kuma akwai gidajen da har yau abin da suka sani game da ubansu shi ne abin da ka faɗa.

Ku masu gora, ba ni da doguwar magana da ku. Ku dawo da kayan marayu.

Sai ku, maƙwabta da abokan majalisa, ku ne kuka fi ci mini rai. Waɗancan suna da abin da suke karewa. Ku fa? Kun san shi tun yana rarrafe, kun san ƙarya ce. Kuka ce tsoro, zamani ya lalace, kowa ta kansa yake yi. Na yarda akwai tsoro. Ni ma ina da iyali, ni ma a garin nake kwana. Amma amsa sallama ba ta taɓa kashe kowa ba.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Kubura ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta yi magana. Ta ce, "Malam Murtala, na ji an ce rubutu za ka yi. Akwai saƙon da ya bar maka, na rasa yadda zan faɗa cikin mutane. Ya ce in gaya maka ya yafe ma kowa, har wanda ya mare shi. Ya ce ya san halinka, kada ka ɗauki gabar da shi ya ajiye."

Na tambaye ta, ita fa? Ta ce, "Ni ban kai can ba tukuna."

Na isar da saƙonka, Hayatu, ga shi kowa ya karanta: ka yafe. Haƙƙinka naka ne, ka yi kyauta da shi, kuma ina fatan ka tarar da ladan. Amma haƙƙin Kubura nata ne, na 'ya'yanka nasu ne, na jinjirin Anisa da na sauran waɗanda aka ciro daga ƙarƙashin gadar ma nasu ne. Ba ka da ikon yafe waɗannan, ni ma ba ni da shi. Ka yi mini afuwa, rabin wasiyyarka kawai na iya ɗauka.

Ya Allah, ga bawanKa Hayatu ɗan Abdullahi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka karɓi shigarsa ruwan nan a matsayin aikin da aka yi dominKa. Ka jiƙan Anisa da 'yan uwanta da suka rasu a wannan rafi, Ka rubuta su cikin shahidai, Ka raya abin da suka bari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, mahaifiyarsa, wadda ta ga an fita da ɗan da take sa ran shi zai raka ta; ga Kubura, Allah Ya zama gatanki; ga Nadiya da Hamdiyya, ubanku mutumin kirki ne, duk wanda ya gaya muku wani abu daban ku turo shi wurina. Ina yi wa Baba Mahmuda ta'aziyya, da ya taso tun daga Zurmi bisa sandarsa, da Inna Asibi, wadda ta baro nata makokin ta zo namu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Ni kuma ku sa ni a addu'a. Allah Ya sanyaya mini zuciya ta kai inda ta aminina ta kai, domin har zuwa yanzu da nake ajiye alƙalamin nan, ko hanya ba ta kama ba.

Murtala Faruk
Kaura Namoda